Gorar da Ba a Ɗaura wa Ƙyalle Ba

Duk macen da ta hangi hannun Wasila a gidan suna ko a bakin famfo sai ta ce, "Kai Wasila, lallen ga naki ya kama!" Ita kuwa sai ta yi yaƙe ta cusa hannuwan cikin hijabi. Ba lalle ba ne. Rabonta da ƙunshi tun kafin ta yaye Ummi. Ruwan aikin mijinta ne ya rina mata yatsu har zuwa wuyan hannu, ya shige ƙarƙashin farce, ya ƙi fita ko da sabulun salo.

Badamasi, mijin nata, gwani ne, wannan ko maƙiyinsa a Birnin Ƙwanni ba ya musu. Yana da rumfar gyaran rediyo a bakin tasha, amma abin da ya fito da sunansa shi ne wani ɗan akwati da yake haɗawa, wanda ake sakawa tsakanin farantin hasken rana da batir don kada batirin ya ƙone. Daga Tsarnawa da Alela har ƙauyukan Malbaza ana zuwa nemansa. A cikin kowane akwati akwai ɗan allo kamar tafin hannu, mai shafe da jan ƙarfe. Badamasi zai zana hanyoyin wuta a kai da baƙin alƙalami, a jefa allon cikin ruwan asid, ruwan ya cinye duk inda ba a zana ba. Zanen nasa ne, yabon ma nasa ne. Jefawa da jijjigawa da tsamowa kuwa na Wasila ne, a tsakar gida, cikin robar da a da take tankaɗe a ciki.

Kullum da safe zai jere mata allunan a kan tabarma ya ce, "In kin gama kunu ki ɗumama ruwan kaɗan, ya hi ci da sauri." Sai ya hau babur ya tafi. Ita kuma ta durƙusa tana kaɗa robar, wani wari mai yaji yana shigar mata hanci, tana tsamo allo da yatsu biyu tana ɗaga shi ga rana ta ga ko ya cinye. In ruwan ya gaji, ya koma baƙi-baƙi da ɗan kore, sai a ɗura shi a gorar roba, irin wadda ake shan ruwa a yar. In gorunan sun taru, Badamasi ya tuttule su a gindin zogale.

Wasila ba ta fara jin tsoro sosai ba sai ranar da Malam Tijjani ya zo. Shi ne ya koya wa Badamasi aikin a lakwal, wato makarantar koyon sana'a, inda ɗalibai ke kiran malami da Mushe, ya kuma biyo ne don ya ga yadda ɗalibinsa ya ci gaba. Ta kai musu ruwa zaure, tana miƙa kwanon malamin ya ga hannunta. Ya karɓa ya yi mata godiya. Amma tana komawa bayan labule ta ji muryarsa ta canja.

"Badamasi, iyalinka ka sa cikin ruwan ga da hannu tsirara?"

"Ai Mushe, ba ya ƙuna. Rini na kawai."

"Haka na koya maka? Ban ce safar roba ba? Ban ce a yi shi nesa da wurin girki ba? Ina kake kai wanda ya gaji?"

Malamin bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Ka nemi bido, jarka babba mai murhi, ka rubuta a jiki, ka kulle shi. Ka riƙa zuba mai kanwa kaɗan-kaɗan har ya bar kumfa, ƙarhinshi ya mutu. Ko bayan nan kada ka zubar a ƙasa, lakar da za ta kwanta dahi ce, ka kawo min ita lakwal muna da inda muke ajewa. Yaro in ya kurɓi wanga ruwa, Badamasi, sai dai wani ikon Allah."

"In sha Allahu, Mushe. Gobe-goben nan."

Wasila ta waiwaya tsakar gida. Ummi, 'yarta mai shekara biyu, tana zaune a ƙasa tana tsotsar murfin gora. Ta yi wuf ta fizge shi, har yarinyar ta fashe da kuka. Murfin gorar zoɓo ne, amma har la'asar ba ta ɗauke ido daga kan yarinyar ba.

Goben Badamasi ba ta zo ba. Da ta tuna masa bayan kwana uku sai ya yi tsaki. "Mutanen lakwal ke nan, komi sai sun tsoratar. Shekara nawa nike aikin ga? Wa ya mutu?"

"Baban Ummi, ko safar ce ka sawo min."

"Za ni sawo. In na shiga Illela."

Ya shiga Illela sau huɗu, safa ba ta zo ba.

Zogalen ne ya fara tafiya. Ganyen ya yi rawaya, ya kakkaɓe, ƙasar gindinsa ta yi ja kamar an yanka rago a wurin. Sai kaji biyu da suka yi tono a nan aka tsince su a bayan murhu, ƙafafu a miƙe. Sannan fatar yatsun Wasila ta fara tsagewa. In ta sa hannu a ruwan tsamiya ko ta yanka barkono, sai ta ciji leɓe hawaye na zuba. Alwala ma ta zama aiki. Ga wani busasshen tari da ya maƙale mata. Duk wannan da sauƙi a wurinta. Abin da ya hana ta sakat shi ne Ummi ta iya tafiya, ta iya gudu, kuma ba abin da take so a duniya kamar gora.

Ta kai kukanta wurin surukarta. Inna Hawa'u, mahaifiyar Badamasi, tana zaune a ɗakin da ke kusa da zaure. Sunanta aka sa wa yarinyar, shi ya sa kowa ke ce da ita Ummi, Inna kuwa takwara take ce mata, kuma tana son ta kamar ta haɗiye. Ciwon yana ya rufe wa tsohuwar ido ɗaya, ɗayan ma sai abu ya zo kusa take gane shi.

"Inna, don Allah ki yi mishi magana. Ke kaɗai yake jin taki."

Inna ta ci gaba da ɓarar gyaɗa. "Ke 'yar nan, mi kike so in ce mai? Ya bar sana'a tai?"

"A'a Inna. Ya kai ruwan rumfa, ko ya kulle."

"Rumfa a bakin tasha? Kowa ya ga yadda yake yi ya kwaikwaya? Sana'a sirri ta. Mu da munka yi rini da baba shekara da shekaru, hannunmu baƙi ƙirin, wa munka kai ma ƙara? Mace ba ta ƙyamar abin da ka ciyar da ita."

"Ba ni nike ji ba, Inna. Ummi nike ji."

"Takwarata Allah na tsare ta. Ki bar kiran abu, kada ki jawo shi."

Daga nan Wasila ta gane ita kaɗai ce a cikin tsoronta. Ta fara abin da za ta iya. Kanwar miyarta take daka wa, in ruwa ya gaji ta riƙa barbaɗawa yana kumfa yana huci har ya lafa, Inna tana mitar kanwa ba ta daɗewa a gidan nan. Ta yaga wani tsohon jan ɗankwali tsilla-tsilla, duk gorar da ta ɗura wa ruwan sai ta ɗaure mata wuya da ƙyalle, ta ɗora ta can saman katanga inda hannun yaro ba ya kai. Ta kama hannun Inna ta ɗora a kan ƙullin.

"Inna, kin ji wanga ƙyalle? Duk gorar da kika ji shi, dahi ce."

"Na jiya, na jiya. Ni ba yarinya ba ce."

Dalilin da ya sa ta matsa wa tsohuwar shi ne dauri. Tun da aka yaye Ummi, Inna ke jiƙa mata saiwoyi da sassaƙe, baƙi wuluk, mai ɗaci kamar maɗaci, tana ajiye shi a gorar roba a kan taga. Kowace hantsi sai ta kama yarinyar ta matse a cinya, ta toshe mata hanci, ta ɗura mata rabin ƙaramin kofi. Ummi ta yi ta ihu tana shure-shure, Inna tana dariya tana cewa, "Sha, takwara, ɗaci shi ne magani." Duk unguwa an saba da wannan kukan, ba mai ɗaga kai. Wasila kaɗai ce takan bar abin da take yi ta je ta tsaya, sai ta ga gorar da idonta.

Badamasi ya ga ƙyallayen ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yo wanga kuma mine ne? Layu kika yi ma gorunan?"

"Don kada a yi kuskure."

"Wane mahaukaci zai sha asid? Ke dai kina son ki maishe ni mugu gaban mutane."

Ta durƙusa a gabansa, abin da ba ta saba yi ba. "Baban Ummi, na roƙe ka da girman Allah. Akwati ɗaya da kwaɗo. Ko in ka ɗura da kanka, ka ɗaura ƙyallen. Ga su nan a ƙusa."

"To, to, na ji. Tashi, kada Inna ta ce wani abu na yi miki."

Ranar da abin ya faru, ranar kasuwar Illela ce. Wani mai saye ya matsa wa Badamasi, alluna biyar kuma ba su gama cinyewa ba. Wasila ta fita ɗebo ruwa a famfo, Ummi a bayanta. Badamasi ya ƙarasa aikin da kansa, yana duba agogo. Ya waiga bai ga gorar da zai juye tsohon ruwan ba, sai ya hangi wata a ƙasan tagar Inna, wadda ta wanke ta kife. Ya ɗauka ya ɗura, ya murɗa murfi, ya dangwarar da ita a kan tagar don ya ɗaure kaya a babur. Ƙyallayen suna rataye a ƙusa, taku biyu daga inda ya tsaya. Ya tayar da babur ya fita.

Wasila ta dawo, ta sauke Ummi, ta duba saman katanga ta ƙirga gorunan da ido. Huɗu, kowace da jan wuyanta, kamar yadda ta bar su. Hankalinta ya kwanta, ta shiga madafa ta hura wuta. Tana jin Inna tana kiran takwararta, tana jin yarinyar ta fara kukan da ta saba. Ta ce a ranta bari ta sauke tukunya ta je.

Sai kukan ya yanke. Abin da ya biyo baya ba kuka ba ne, wani kakari ne kamar an shaƙe ɗan akuya.

Ba ta san yadda ta tsallake murhu ba. Ummi tana cinyar Inna, idanu a waje, tana fizge-fizge, wani ruwa yana dalala daga haɓarta zuwa farar rigarta. Baƙi ne, amma gefen tabon kore ne. Wasila ta san wannan koren fiye da yadda ta san fuskarta. A kan taga ga goruna biyu a jere, ba wadda ke da ƙyalle.

"Inna! Inna, mi kika ba ta?"

"Dauri mana. Na shafa wuyan, babu ƙyalle. Yau dai ƙiwuya take ji da shi."

"Ba dauri ba ne! Wayyo Allah, ba dauri ba ne!"

Kofin ya faɗi daga hannun tsohuwar. Ta fara salati. "A ba ta manja! A sa mata yatsa ta amayar!"

Wasila ba ta saurare ta ba. Ta kifa yarinyar a hannu, ta watsa mata ruwa a baki ta wanke abin da za ta iya, ta fizgi gorar ta cusa a zani, ta fita da gudu ba takalmi. Wani mai kabu-kabu ya tsaya mata a bakin titi. Duk tsawon hanyar tana jin numfashin Ummi a wuyanta, yana shiga da ƙyar yana fita da ƙara, tana cewa, "Yi sauri Malam, yi sauri," ko da yake babur ɗin ya kai iyakar gudunsa.

Maƙwabta sun buga wa Badamasi tun bai bar gari ba. Ya biya gida ya ɗauko Inna, suka iso asibiti ana kwantar da yarinyar. Fuskarsa ta yi fari fat, kuma tsoron da ke cikinta na gaske ne, Wasila ta gani. Amma da ya matso kusa da kunnenta, ga abin da ya ce:

"Ki ce dauri na. Kin ji? In kika ce asid, za su kira jandarma. A rufe ni, a rufe rumfa, mu ci mi?"

Ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

Majo ta fito, babbar ma'aikaciyar jinya, wata doguwar mace mai tabarau. Ta buɗe bakin Ummi da ɗan katako ta haska, ta ɗago a fusace. "Mi ta sha? Ku hwaɗa min da sauri, maganin kowane dahi daban ne."

"Dauri na, Madam," in ji Badamasi. "Na tsohuwa. Ina jin ya yi ƙarhi."

Majo ta juya wurin Inna. Tsohuwar ta san gaskiya, da kunnenta ta ji ihun Wasila. Ta sunkuyar da kai, hawaye yana bin kumatunta, ta ce da ƙaramar murya, "Ni na ba ta. Daurina ne. Laihina ne."

"Wace irin saiwa? Dauri ba ya ƙona baki haka."

Ummi ta yi wani kakari a kan gado, ƙafarta ɗaya tana harbin iska.

Wasila ta dafe gorar da ke cikin zaninta. Tun tana yarinya a Tsarnawa aka koya mata cewa mace tufa ce ga mijinta, abin cikin gida ba ya fita zaure, balle gaban ma'aikatan gwamnati. Shekara guda ke nan tana ɓoye hannu a hijabi saboda wannan karatun. Tana tsoron mijinta, tana tsoron bakin mutane, tana tsoron abin da iyayenta za su ce. Amma duk waɗannan ba su kai tsoron shirun da zai iya biyo bayan kakarin nan ba.

Ta zaro gorar daga zani ta ajiye a kan teburi. Sannan ta fito da hannuwanta biyu ta shimfiɗa a gefenta, tsagaggu, jajaye.

"Madam, ba dauri ba ne. Ruwan da ake cin jan ƙarhe da shi ne, na aikin lantarki. Ga shi nan. Ga abin da ya yi ma hannuna."

"Wasila!" in ji Badamasi.

Majo ba ta ko kalle shi ba. Ta ɗauki gorar ta ƙwala wa likita kira, aka tura gadon ciki da gudu, aka rufe ƙofa.

Kwana tara suka yi a asibiti. Likita ya ce ƙunar maƙogwaro rabin abin ce. Ƙarfen da ke narke a ruwan yana bin jini ya je hanta, kuma da sun tsaya neman saiwar dauri, da ba wannan zancen ake yi ba. Ba wanda ya kira jandarma. Majo dai ta tsare Badamasi a baranda ta wanke shi tas a gaban masu jinya, har sai da ya rasa inda zai sa ido.

A rana ta uku ya sami Wasila a gindin bishiya tana wanke zanen goyo. Ya daɗe a tsaye. Ta ɗauka haƙuri zai ba ta.

"Kin tona min asiri gaban duniya," ya ce.

Ta matse zanen ta shanya. "Asirin naka a cikin ɗiyata yake, Baban Ummi. In ban tona ba, da shi za a bizne ta."

Da suka koma gida sun tarar da akwatin katako a bayan ɗaki, da kwaɗo sabo, da bido mai murfi an rubuta masa DAFI da manyan baƙaƙe, da safar roba har biyu. Maƙwabta sun ce aikin bai ci Badamasi rabin yini ba. Rabin yinin nan Wasila ta shekara tana roƙo, har da durƙuso. Kuma har yau in mutane sun zo jaje, yakan girgiza kai a zaure ya ce, "Tsautsayi na, ba ya wuce ranarshi." Su kuma su ce, "Haka ne, Allah shi kiyaye gaba." Haka muke. A faɗa mana, a nuna mana, itace ya bushe, kaji su mutu, hannun mace ya tsage a kan idonmu, in abin ya auku mu sa masa suna tsautsayi mu shafa fatiha. Wasila ba ta sake taɓa robar ba, kuma bai sake cewa ta taɓa ba.

Ummi ta rayu. Muryarta ta dushe, kuma har yanzu tuwo ba ya wuce mata sai an dama shi ya zama ruwa. Likita ya ce a riƙa dawo da ita, wataƙila maƙogwaron ya buɗe, wataƙila sai an kai ta Yamai.

Inna ta zubar da daurinta, ta daina jiƙa komai. Rannan da hantsi zafi ya yi yawa, ta ga yarinyar tana lasar leɓe. Ta lallaɓa ta ɗebo ruwa daga randa, ruwa zalla, ta kurɓa da kanta don yarinyar ta gani, sannan ta miƙa kofin da hannu biyu.

"Zo, takwara. Ruwa na. Wallahi ruwa na."

Ummi ta dubi kofin, ta dubi kakarta. Ta sa tafukanta biyu ta toshe baki, ta ja da baya har ta jingina da ƙafar uwarta. Inna ta daɗe da kofin a miƙe, yarinyar ba ta matso ba.